Ɗan Ungulu Guda a Kan Tsamiya

Ƙwai ɗaya ungulu take yi a shekara. Ita da mijinta su yi ta karɓa-karɓar kwanci a kansa har wajen kwana 50. In ya ƙyanƙyashe, su shafe wata 3 zuwa 4 suna yi wa ɗan ɗura a sheƙa. In ya tashi ma ba su huta ba, sai sun ƙara wasu watannin suna ciyar da shi kafin ya iya ƙwatar rabonsa a wurin yanka. Idan ka haɗa da lokacin gyaran sheƙa, kusan shekara ce cur take tafiya a kan ɗa guda. Kaza kuwa kwana 21 take kwanci ta fito da garken 'yan tsaki. Duk mai son ya gane dalilin da ya sa yau za ka zaga Kasuwar Kurmi, tun daga 'yan nama har bakin Jakara, ba ka ga ungulu ko ɗaya ba, to daga wannan ƙwai guda zai fara lissafi.

Ungulu tsohuwar 'yar kasuwar nan ce. Tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kurmi a ƙarni na 15 ake yanka a cikinta, kuma duk inda ake yanka ungulu ba ta nisa. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya sauka Kano a 1824, ya rubuta labarin fadamar da kasuwar take bakinta, da agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da ke cikinta. Ya ambaci ungulu, ya kira ta ƙazama, amma nan take ya shaida cewa tana da matuƙar amfani, don ita ke kwashe ƙazantar gari. Haka muka taso muka same ta a ƙarshen shekarun 1970. Mahaifina yana da rumfa a layin 'yan littattafai, kuma duk ranar da aka aike ni sayen nama sai na ratsa ta tsakaninsu. Suna jere a kan rufin kwano, wasu suna tafiya a ƙasa tsakanin ƙafafun mutane, ba sa ko matsawa sai ka kusa taka su. Ba wanda yake ɗaga kai ya kalle su. Abin da ya yi yawa ba a kallonsa.

Ni ma aiki ne ya sa na kalla. Gidan kakata yana bayan kasuwa ta wajen Jakara, kuma da kaka ta yi, ni ake ɗora wa hawa soro da shanya: yankakkiyar kuɓewa, tumatir na kauɗa, barkono. Kafin in taka matakala sai ta ce, "Maigida, idonka a kan shanya. Ban da leƙen gidan mutane." Don haka kullum sai in juya wa maƙwabta baya, in fuskanci wani kango da ke gefen kududdufi. A cikin kangon akwai tsohuwar tsamiya, kuma a inda manyan rassanta biyu suka rabu, daidai saitin idon wanda ke zaune a soro, akwai sheƙa.

Mutanen da suka ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya sun san abin da suke faɗa. Ba a can ƙololuwar bishiya take gida ba, a ciki take yi, kusa da gindin reshe, inda ganye zai rufe ta daga rana da idon mai wucewa. Tsamiya kuwa tana riƙe ganyenta a yawancin rani. Sheƙar tsofaffin ƙirare ce, ta yi baƙi don daɗewa, domin ungulu ba ta sake gida kowace shekara, gyarawa take yi. Da damina ta ɗauke na fara ganin ungulayen biyu suna zuwa da ƙirare a baki, ɗaya bayan ɗaya. Daga baya suka koma kawo ɗanyen ganye, da busasshiyar ciyawa, da tsumma, da gashin akuya irin wanda iska ke kwasowa daga majema. Da wannan suka shimfiɗe cikin.

Ban taɓa iya bambance macen da namijin ba. Girmansu ɗaya, kamarsu ɗaya: jiki ruwan ƙasa mai duhu, siririn baki mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe, fuska da maƙogwaro babu gashi, sai wani ɗan laushin gashi mai haske da ya rufe ƙeya zuwa bayan wuya. Kakata ta dage cewa wadda ta fi daɗewa a kwance ita ce uwar. Masana dai sun tabbatar dukansu biyu suke kwanci, kuma dukansu suke ɗura. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fuskar. A zaune lafiya fara-fara ce mai ɗan ja kaɗan. Amma da ɗayar ta sauko don karɓar kwanci, ko hankaka ya matso, sai ka ga jini ya taru, fuskar ta yi jajur cikin ƙiftawar ido, sannan a hankali ta koma yadda take.

Kwancin ya faɗo a tsakiyar hunturu. Da safe, hazo ya rufe Dutsen Dala ba ka ko ganinsa, iska tana kaɗa rassan, mai kwanci ta lafe a cikin sheƙa, kanta kawai ke leƙowa. Can sai ta miƙe a hankali, ta dunƙule faratanta don kada ta fasa, ta sa baki ta juya ƙwan, ta gyara zama. Ɗayar kuma tana kan reshe ta kumbura gashi, ba za ta motsa ba sai rana ta ɗan yi zafi. Ungulu tsuntsuwa ce mai tattalin ƙarfinta. Nauyinta wajen kilo 2 ne, faɗin fukafukanta ya haura mita ɗaya da rabi, kuma ta fi son ta jira ƙasa ta ɗumama, iska mai zafi ta fara tashi sama, sai ta buɗe fukafukai iskar ta ɗauke ta. Jewar da muke gani da hantsi ke nan. Daga can sama tana kallon ƙasa, tana kuma kallon 'yan uwanta. Da ɗaya ta sulalo, sauran sun san an samu.

Hankaki ne manyan abokan gaba a wannan lokaci. Su biyu suke zuwa. Ɗaya ya tsaya a gaba yana tsokana, ɗaya ya zagayo ta baya yana jan gashin wutsiya, wai ko mai kwanci za ta fusata ta tashi. Ba ta tashi. Sai dai ta miƙa wuya ta kai sara, ta koma ta lafe. Minti kaɗan ƙwan zai yi a buɗe hankaka ya gama da shi, kuma in ya tafi sau da yawa shekarar ta tafi ke nan.

Ban ga ƙyanƙyasar da idona ba, sheƙar tana da zurfi. Zaman uwar ne ya sauya. Ta daina lafewa, ta ɗan ɗago jiki, kuma bini-bini sai ta sunkuya ta duba ƙarƙashinta. Bayan nan na fara jin wani siririn kuka, tsiyit-tsiyit, wanda sai kasuwa ta yi shiru lokacin sallar azahar ake jinsa sosai. Babbar ungulu kusan ba ta da murya. Ɗan ne mai kuka.

Ciyarwar ita ce abin kallo, kuma a nan ne ungulu ta sha bamban da shirwa da shaho. Shirwa da ƙafa take sura, ta kai wa 'ya'yanta abin da ta suro a riƙe. Ƙafar ungulu ta tafiya ce, ba ta da ƙarfin damƙa. Saboda haka a wata jaka da ke ƙasan wuyanta take zuba abinci ta kawo gida. Tun daga nesa za ka gane wadda ta samo, don jakar ta bultso a ƙirjinta. Ta sauka a reshe, ta taka a hankali zuwa bakin sheƙa, ta sunkuyar da kai, wuyanta ya yi ta motsi, sai ga abincin ya dawo. A makonnin farko ɗan mitsitsi take ɗauka da tsinin baki, mai laushi wanda ya fara narkewa, ta miƙa masa baki da baki, ta jira ya haɗiye, ta sake ɗauko wani. Tsuntsuwar da ake yi wa kallon marar ladabi a wurin yanka, ka zo ka ga yadda take lallaɓa wannan ɗan abu. Da ya yi wayo sai ta koma zube masa a tsakar sheƙa ya tsattsaga da kansa: guntun hanji, jijiya, kitsen da aka kankare daga fata, ɓargon da ya faɗi daga gatarin mahauci. In ya ƙoshi, tasa jakar ta kumbura kamar an ɗaura masa goruba a ƙirji, sai ya kife ya yi barci.

Da farko ba a barinsa shi kaɗai ko na ɗan lokaci. Da ya fara girma, cikinsa ya fi ƙarfin nema na mutum ɗaya, sai iyayen suka fara fita tare. Nan na ga wata dabara tasa. In yana tsaye shi kaɗai, ya hangi motsi, ko yara masu kakkaɓar tsamiya sun shigo kangon, sai ya zube a cikin sheƙa, ya miƙar da wuya, ya daskare. Ka rantse ya mutu. Sai wurin ya yi tsit sannan ka ga ido ɗaya ya buɗe.

Bazara ta same shi a sheƙa. Wanda ya san Kano a watan Maris da Afrilu ya san zafin da ke haura digiri 40, lokacin da ko kan soro ba ya takuwa da rana. Shanya ta ƙare tuni, amma na ci gaba da hawa da sassafe da kuma bayan la'asar. Wata rana na daure na hau da tsakar rana, na tarar da ɗaya daga cikin iyayen a tsaye a bakin sheƙa, ta ba rana baya, ta saki fukafukai rabi, ɗan yana cikin inuwarta baki buɗe yana haki. Rana tana matsawa, ita ma tana matsawa. Na sauko na ba kakata labari. Ta ce, "To, Maigida, ka ga uwa ke nan. Allah bai yi wata halitta ya hana ta jinƙan ɗanta ba."

Laushin gashin da aka haife shi da shi ya fara zubewa, baƙaƙen gashin fiffike suka tsiro. Kafin ya bar sheƙa ya kai iyayensa girma, sai dai kansa ya bambanta: ƙeyarsa baƙa-baƙa ce, fuskarsa kuma ba ta yin ja irin tasu. Ya shiga koyon fiffike. Ya tsaya a bakin sheƙa ya fuskanci iska, ya yi ta kaɗawa, ƙirare suna zubowa ƙasa. Sai ya fara ɗan tsalle, ya tashi taki ɗaya ya dawo. Sai ya fara takawa zuwa reshe na kusa, gobe na gaba da shi, amma da ya hangi an kawo abinci sai ya garzayo sheƙa, ya durƙusa, ya saki fukafukai yana karkaɗa su, yana kuka yana saran bakin uwar. Ƙato da shi, amma roƙon na jarirai ne. Tashinsa na farko da na gani, daga tsamiya ne zuwa katangar kangon. Ya sauka da ƙirji, ya yi tangal-tangal, ya tsaya yana waige-waige. A nan ya wuni, sai da yamma ya koma bishiya.

Har ruwan farko ya sauka yana dawowa tsamiya a ba shi. A 'yan nama kuma na fara gane shi, ko dai irinsa, a bayan taro, manya suna ture shi. Wani dattijon mahauci da muke sayen nama a wurinsa ya ga ina kallo, sai ya ce, "Yaro, ka ga wancan mai baƙin kai? Ɗan bana ne." Ya yanki wani guntun tantani ya wurga masa can gefe inda manyan ba za su riga shi ba. Mahautan Kurmi sun san su sarai. Ba sa korarsu sai in sun matso kan tebur, domin kafin a tashi kasuwa sun share wurin tas.

A daidai shekarun da suka gabaci wannan, wani malamin makaranta Bature mai suna Peter Mundy yana Sakkwato yana irin wannan kallo, amma shi da littafi da alƙalami. Shi da abokin aikinsa Cook sun bi sheƙunan ungulu a garin a farkon shekarun 1970, suka rubuta lokacin ƙwai da na ƙyanƙyasa da girman 'ya'ya, kuma ungulayen da suka ƙiyasta a garin sun haura dubu. Mundy ya zama ɗaya daga cikin manyan masanan ungulu a duniya. Abin da duniya ta sani game da renon wannan tsuntsuwa, kaso mai tsoka daga ƙasar Hausa aka samo shi. Yau ɗalibi a Sakkwato ko Kano da zai so ya maimaita wannan aiki, da wuya ya sami sheƙar da zai fara da ita.

Ba rana ɗaya suka ɓace ba, shi ya sa ba a yi kuka ba. An sare tsamiyar kangon aka yi shaguna. An cike kududdufai. Jakara kanta an zuba mata kankare an shimfiɗa titi. Manyan bishiyoyin cikin birni, rimi da tsamiya da kuka, sun yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ungulu ba ta sheƙa a kan ƙaramar bishiya. Abinci ma ya ragu, don yanzu ba abin da ake zubarwa a mayanka: jini a dafa shi don abincin kaji, ƙashi a sayar, fata ta tafi ganda. Amma waɗannan duka da sauƙi. Abin da ya gama da ita shi ne kuɗin da aka sa a kanta.

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan magani, a Kurmi ko a wata babbar kasuwa ta ƙasar nan, ya san ana neman kan ungulu, da ƙafarta, da gashinta, da ƙwanta, har da ƙiraren sheƙarta. Wani don farin jinin kasuwa, wani don neman mulki, wani don an ce masa tsuntsuwar da ke hango mushe daga sama za ta sa shi ma ya hango abin da ke ɓoye. Wasu kuwa, kuma su ne suke ba ni tausayi, iyaye ne masu ɗa mai farfaɗiya ko taɓin hankali, waɗanda asibiti ya yi musu tsada ko nisa. Babu wani binciken likitanci da ya nuna akwai waraka a jikin ungulu. Akwai ma haɗari, domin da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa da guba aka kashe su: a barbaɗa maganin ƙwari na gona a kan nama, su taru su ci, su zube gaba ɗaya. Halinta na taruwa da sabonta da mutane su ne suka sa kashe ta ya zama da sauƙi.

Wani babban nazari da Darcy Ogada da abokan aikinta suka fitar a 2015 ya nuna cewa cikin ungulayen da aka samu a mace a Afirka, kashi 61 cikin 100 guba ce ta kashe su, kashi 29 kuma cinikin magani. Irin tamu ta cikin gari, sun ƙiyasta ta ragu da kashi 83 cikin 100 a tsawon zuriya uku. A wannan shekarar aka sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. A farkon 2020 an tsinci gawar fiye da 2,000 a Gini Bisau, da yawansu an yanke musu kai. Da na Nijeriya suka yi ƙaranci, sai mafarauta suka fara tsallaka iyaka. Wata 'yar farar ungulu da masu bincike suka ɗaura wa na'urar bin sawu a ƙasar Girka, suka sa mata suna Paschalis, ta ƙetare teku da Sahara lafiya, sai a 2014 aka kashe ta a kudancin Nijar don a kawo kasuwar Nijeriya. Ka tuna da ƙwai guda. Idan aka kashe uwa da uba a watan Fabrairu, uku aka kashe, kuma ɗan ungulu yana ɗaukar shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa. Tsuntsuwa mai irin wannan jinkiri ba ta iya cike giɓi.

Rashinta kuma ba rashin ado ba ne. Ruwan cikinta yana da kaifin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, kuma tana cinye shi kafin ya ruɓe. Indiya ta ga abin da ke biyo baya. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diklofenak, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayen ƙasar kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwa ya gurɓace. Wani nazari na masana tattalin arziki da ya fito a 2024 ya ƙiyasta cewa hakan ya jawo mutuwar mutum wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Mu ba wanda ya yi mana irin wannan lissafi, amma duk wanda ya wuce kwatar da aka jefa mushen akuya da bazara hancinsa ya ba shi labari.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance, ɗan ƙanwata ne da ke taya ni zama a rumfa. Ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, dubi wannan, kai da kake son tsuntsaye." Hoto ne mai motsi kai tsaye daga wata sheƙa a Sikotilan, an kafa kyamara a gefenta dare da rana. Tsuntsun wani shaho ne mai cin kifi, Turawa suna ce masa osprey: farin ciki, baya ruwan ƙasa, da baƙin zane da ya ratsa ido. Namijin ya sauko da kifi a ƙafa, macen ta karɓa ta taka shi, tana yagar tsoka kaɗan-kaɗan tana miƙa wa 'ya'ya. Dubban mutane a ƙasashe daban-daban suna kallo a lokaci guda.

Renon shahon kifi gajere ne in ka gwada da na ungulu. Ƙwai 2 ko 3 a watan Afrilu, kwanci na mako 5 da 'yan kwanaki, 'ya'yan su tashi suna da mako 7 zuwa 8. Aiki a rabe yake: namiji ke kamun kifi, mace ke tsaron gida da rabon abinci. Shahon yana faɗawa ruwa da ƙafafu a gaba, tafin ƙafarsa yana da ƙaiƙayi don kada kifi ya sulluɓe, yatsansa na waje yana juyawa baya ya zama biyu gaba biyu baya, kuma in ya tashi sai ya juya kan kifin ya fuskanci gaba don iska kada ta dame shi. A watan Agusta uwar ta riga kowa tafiya. Uban ya ci gaba da kawo kifi na ɗan lokaci. Sannan kowane ɗa ya kama hanya shi kaɗai, ba jagora, tafiyar kilomita wajen 5,000.

Ina za su? Wurinmu. Na Birtaniya yawanci Senegal da Gambiya suke sauka. Na Suwidin da Finlan da Jamus wasunsu har Nijeriya da Kamaru, kuma masunta a dausayin Haɗejiya da Nguru da bakin Tafkin Chadi suna ganinsu da rani a kan busasshen itace a tsakiyar ruwa. Ba ya sheƙa a ƙasarmu, amma ɗan da ya iso ba ya komawa a shekarar farko, yakan zauna har ya kai wajen shekara 2. A ruwanmu yake gama koyon kamun kifi.

Labarin yadda aka ceto shi ne ya fi tsaya mini a rai. Masu harbi da masu tara ƙwai sun ƙarar da shi a Birtaniya, har ya daina haihuwa a can wajen 1916. A 1954 wasu biyu suka dawo suka yi sheƙa kusa da tafkin Loch Garten. Masu kare tsuntsaye suka ɓoye wurin suna gadi, duk da haka a 1958 ɓarawo ya hau cikin dare ya lalata ƙwan. Sai wani jami'in ƙungiyar kare tsuntsaye ta ƙasar, George Waterston, ya kawo shawarar da ta saɓa wa tunanin kowa: a daina ɓoyewa, a kafa rumfa daga nesa da madubin hange, a gayyaci jama'a su zo su gani. A 1959 mutum wajen 14,000 suka je cikin 'yan makonni. Wanda ya tsaya ya ga uwa tana ba ɗanta kifi ba ya komawa gida ya goyi bayan ɓarawon ƙwai. Yau akwai ɗaruruwan sheƙuna a ƙasar, har an ɗebi 'ya'ya daga Sikotilan tun 1996 aka kai tafkin Rutland a Ingila, inda suka fara haihuwa a 2001.

Ina ganin abin da ungulu ta rasa a wurinmu ke nan. Mun san ta a kan mushe, mun san ta a karin magana, ba mu san ta a gidanta ba. Da yaran unguwarmu goma sun hau soron nan sun ga abin da na gani, da ranar da aka zo sare tsamiyar an sami mai cewa a jira ɗan ya tashi. Kuma ba baƙon abu ba ne a addininmu. Malamai suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wata tsuntsuwa tana ta kaɗa fiffike don sahabbai sun ɗauke mata 'ya'ya, ya umarta a mayar mata da su.

Ba a rasa masu ƙoƙari ba. Gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, NCF, ta zauna da ƙungiyoyin masu maganin gargajiya, ciki har da na Kano, don su koma ga itatuwa da ganyaye a madadin sassan ungulu. Na fi yarda da wannan hanya a kan kame da tsoratarwa, domin mai magani maƙwabcinmu ne, kuma shi ne wanda mai nema yake jin maganarsa. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana horar da matasa, kuma akwai 'yan Arewa masu zagaya ƙauyuka suna rubuta tsuntsayen da suka gani don taswirar tsuntsayen Nijeriya. Asabar ta farko a watan Satumba kuma ranar ungulu ce a duniya. A wasu garuruwan ƙasar Ibo inda al'ada ta hana taɓa ta, har yanzu tana sauka kasuwa. A bakin tekun Gambiya ma tana nan da yawa, tana tsintar kan kifi a rairayin da shahon Sikotilan yake shawagi a samansa.

Sai dai dabarar Waterston ba za a kwafe ta ido rufe ba. Shi da ya buɗe wa jama'a, ya riga ya sa masu gadi dare da rana a gindin bishiyar. A nan, wanda ya ɗauki hoton sheƙar ungulu ya sa a Facebook da sunan ƙauyen, ya yi wa mafarauci jagora ne. Wanda ya san inda wata ta rage, a gonarsu ko a maƙabartar garinsu ko a tsohuwar tsamiyar bayan gari, ya fara da mai bishiyar, da mai unguwa, da sarkin fawa, su amince ba sara ba hawa, sannan ya sanar da mutanen NCF ko na Jos. Masu kallo su tsaya nesa, kada a tayar da mai kwanci, don hankaka yana nan yana jira. Gyaran sheƙa yana farawa da ɗaukewar damina, wajen Oktoba, kuma bishiyar tana bukatar a ƙyale ta har ruwan wata shekara ya sauka.